Manaja ya gudu, to su wa suka ci bashin?

Shekaranjiya bayan sallar isha'i, a majalisarmu ta Unguwar Rogo, samari suka kawo maganar kafa ƙaramin banki na 'yan kasuwa. Sun gaji da zarya a manyan bankuna ana ce musu sai sun kawo takardar fili kafin a ba su rance. Kowa yana ta sa albarka, ni na yi gum, har wani ya ce, "Yaya, ko ba ka so ne?" Ina so mana. Abin da ya ɗaure mini baki wani ɗan littafin ajiya ne mai koren bango, wanda har yau yake ƙasan akwatin Innarmu, naɗe cikin ɗankwali.

Yaran yanzu ba su san bankunan al'umma ba. Gwamnatin Babangida ce ta kawo su a 1990, na farko aka buɗe shi a Tudun Wadan Kaduna, cikin 'yan shekaru suka haura dubu a faɗin ƙasar nan. Tsarin a takarda ba shi da laifi: mutanen gari su sayi hannun jari, daraktoci su fito daga cikinsu, a ba mutum rance saboda an san shi an san halinsa, ba don yana da abin jingina ba. Garinmu ma aka buɗe ɗaya. Ba zan faɗi sunan garin ba, don 'ya'yan mutanen suna nan, wasu ma surukaina ne. Ku dai ɗauka ƙaramin gari ne a wajen Jos, inda in dankali ya yi kyau kowa ya yi kyau.

Inna tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ce kuma uwar adashin matan layinmu. Da aka ce mata bankin na gida ne, su Alhaji wane ne a ciki, sai ta daina ajiye kuɗin adashi a kwalla, ta riƙa ba ni in kai. Ina firamare a lokacin. Kashiya ya buga hatimi, ni kuwa in dawo ina taƙama kamar ni na haƙa kuɗin.

Banki ba ya mutuwa rana ɗaya. Da farko sai a ce ku dawo gobe, kuɗi bai iso daga Jos ba. Sannan aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira a mako. Sannan aka fara ba wanda ke da ɗan'uwa a ciki ta ƙofar baya. Wata safiya aka tarar da kwaɗo a ƙofa, manaja kuma ya kwashe iyalinsa cikin dare. Shi ke nan gari ya samu wanda zai zaga. Manaja ya yi sama da faɗi da kuɗin talakawa, wasu su ce ya gina gida a garinsu, wasu su ce ya tsallaka iyaka. Ba a taɓa gurfanar da shi ba, don haka har gobe zargi ne. Inna kuwa tumakinta ta sayar ta biya matan adashi, don ita suka ba amana, ba banki ba.

Na girma da wannan labarin a haka, sai da na zauna da kawuna, wanda ya yi aikin rubuta rasit a bankin. Na ce, "Kawu, wai nawa mutumin nan ya tafi da shi?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai yaro ne. Abin da ke cikin sef ranar da ya tafi ko babur ba zai saya ba. Kuɗin ya riga shi fita." Ya ce darakta zai shigo ya ɗauki rance da sunansa, ya ɗauki wani da sunan ƙanensa, wani da sunan yaron shagonsa. Ba jingina, ba ranar biya. Manaja baƙo ne, su suka ɗauke shi aiki, su za su iya sallamarsa, da wane bakin zai ce wa mai gidansa a'a? Kawu bai wanke shi ba. Ya ce shi ma da ya ga ana ci, ya sa hannu a kwanon.

To a nan nake da ja da yadda muke ba da irin wannan labari. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya cusa kuɗi a jaka ya gudu mun kira shi ɓarawo. Wanda ya sa hannu a takarda ya kwashi ninkin haka bai biya ba, sai mu ce kasuwa ce ta juya masa baya, Allah ya mayar da alheri. A wurin Inna duk ɗaya ne, tumakin nan dai sun tafi. Kuma na biyun ya fi ciwo, don shi muka ci gaba da gaisarwa muna durƙusawa, yana sahun gaba, ana kiransa ɗaurin aure. Sanin juna da aka ce shi ne jinginar bankin, shi ne dai ya hana kowa tashi a taron masu hannun jari ya ce a karanto sunayen masu bashi. Kunya ce. Wa zai tambayi sa'an ubansa lissafi a gaban jama'a?

Kada wani ya ce halin ƙauye ne. Abin da ya faru a garinmu shi ya faru a Legas, sifirai ne kawai suka fi yawa. Bashin da masu banki ke ba kansu da nasu na daga manyan abubuwan da suka karya bankuna a shekarun 1990, har Abacha ya kafa dokar soja mai lamba 18 ta 1994 da kotuna na musamman kan bankunan da suka durƙushe. A Janairun 1998 Babban Banki ya soke lasisin bankuna 26 a tashi ɗaya. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya tuɓe shugabannin wasu manyan bankuna, a 2010 kotu ta yanke wa Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar bankin Oceanic, ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori na biliyoyin naira. Can aƙalla an je kotu. Namu ko takarda ba a liƙa a ƙofa ba.

Gaskiya an samu gyara. A zamanin bankinmu hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, ba ta tsaya wa bankunan al'umma ba, in ya faɗi ya faɗi da kai. Bayan tsarin 2005 da ya sa suka koma ƙananan bankuna masu lasisin Babban Banki ne aka shigar da su, tun 2024 kuma hukumar tana biyan mai ajiya har naira miliyan 2 in irin wannan banki ya rufe. Sai dai rufewar ba ta tsaya ba: a 2010 an soke lasisin 224, a 2023 an soke na 179. Kuma inshora mai ajiya take cetowa, wanda ya sayi hannun jari sai ya jira abin da ya rage, in ya rage.

Duk wannan na faɗa wa samarin. Na ce ina ciki, zan sayi hannun jari, amma da sharaɗi biyu: darakta da matarsa da ɗansa da yaron shagonsa ba za su ci bashi ba, sannan mai binciken lissafi daga waje za a ɗauko shi, wanda ba ya sallah a masallacinmu. Majalisa ta yi tsit. Can wani dattijo da ake so a ba shugabanci ya gyara zama, ya ce, "Haba ɗana, ai mu duka 'yan gida ne, wa zai cuci wani?" Aka yi dariya, aka wuce maganar wanda zai ba da hayar shago. Ranar Asabar za a sake zama, na riga na roƙi Inna ta ara mini littafin.