Sakkwato na buƙatar yaran da za su koyi aikin raba mutane da ƙwaya

Ƙanena ya yi wata biyu a wani wurin jinya saboda tiramol. Ranar da muka ɗauko shi ya murmure, idonsa ya washe, Inna har sadakar waina ta yi. Ko kwana ashirin ba a yi ba, ina wanki na tsinci katin ƙwayar a aljihun wandonsa, saura uku a ciki.

Nasiha kuwa babu irin wadda bai sha ba. Baba ya yi, kawu ya yi, limamin unguwarmu ya yi. Duk gaskiya suka faɗa masa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu ya daina. Sai da aka haɗa mu da wata baiwar Allah da ta yi horo kan wannan aiki. Ta zauna a gefensa kan tabarma, ta ce, "Ƙanena, mi wagga ƙwaya ka yi maka?" Wallahi duk gidanmu babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. A nan muka ji cewa kabu-kabu yake yi tun asuba har goman dare, bayansa na ciwo, ga balas ɗin mai mashin kullum, ga abokan tashar da ke miƙo masa in ya ce ya gaji. An wanke masa jini, amma mun mayar da shi kan mashin ɗin nan da tashar nan.

Tun ranar nake cewa wannan aiki ilimi ne, kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa. Ita ta san cewa wanda ya daɗe kan ƙwaya irin diyazafam in ya yanke lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga, don haka rage magani aikin likita ne, ba nata ba. Ta san komawa bayan dainawa abu ne da ake sa rai da shi, ana shirya masa tun kafin ya zo. Ta san yadda za ta zauna da Inna ta nuna mata cewa gorin yau da gobe tura yaro yake yi. Kuma abin da ya faɗa mata a asirce, ko ni ban ji shi daga bakinta ba.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ku tsaya kan wannan na matan. Matar aure da ke shan kodin a ɗaka, wa za ta gaya wa? Ba za ta je gaban namijin da ba ta sani ba ta buɗe cikinta. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma hanin bai yi wa wadda ta riga ta kamu magani ba. 'Yan matanmu nake so su shiga wannan fanni fiye da kowa.

Hanyar shiga tana nan kusa da mu. Akwai sashen nazarin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mai takardar jinya na iya ƙaro karatu kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, inda ake ganin aikin ido da ido. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, ita ma ba kame kawai take yi ba, tana da masu ba da shawara. Amma kada kowa ya ɗauki bitar kwana uku a otal ya ce ya zama gwani. Sai an zauna ƙarƙashin wanda ya iya, ana gyara maka kuskure.

Zan faɗi gaskiya, aikin ba na tara dukiya ba ne, kuma yana cin rai. Wanda ka yi wata shida kana tallafa wa zai iya komawa. To amma in namu ba su koya ba, iyaye za su ci gaba da kai 'ya'yansu gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, rasa wurin zuwa suka yi. Ina ma almajiran ilimi da limamai matasa za su haɗa karatunsu da wannan horo, tunda wurinsu ake fara kai kuka.

Ƙanena ya sake zamewa sau ɗaya bayan nan, kuma shi da kansa ya kira ta ya faɗa. Yanzu ya ajiye mashin, yana koyon gyaran waya. Duk Laraba bayan la'asar yana zuwa wurinta, ni nake ba shi kuɗin mota.