A daina jingina wa Mansa Musa ƙaryar kasuwanci

Wannan bidiyon da ake ta yawo da shi tun shekaranjiya, na yaron nan da ke koyar da "sirrin talla daga tsoffin dauloli", wallahi ya ɓata min rai, kuma abin da ya fi ba ni haushi ba shi ba ne, yadda masu sayar da kaya a intanet suke ta tura shi suna cewa sun samu haske. Wai darasin Mansa Musa, sarkin tsohuwar daular Mali, shi ne ka nuna kana da shi ko ba ka da shi, ka yi hayar mota ka ɗau hoto, ka ari shagon wani ka yi bidiyo, kwastoma zai biyo ƙyalƙyali. Haba jama'a. Wannan ai koyar da yaudara ne, kuma har kuɗin rajista ake karɓa a kai.

Eh, Mansa Musa ya tafi hajji a 1324, ya bi ta Alƙahira ya raba zinare har darajarsa ta faɗi, marubucin tarihi Al-Umari da ya zo garin bayan kusan shekara 12 ya tarar ana ta labarin kuma farashin bai gama farfaɗowa ba. A 1375 har zana shi aka yi a taswirar Turawa riƙe da zinare a hannu. Duk gaskiya ne. Amma zinaren nasa ne! Daga Bambuk da Bure ake haƙo shi, ba aro ya yi don a ɗauke shi hoto ba. Kuma me ya sa malamin naku bai gaya muku cewa a hanyar dawowa sai da sarkin ya ci bashi a hannun attajiran Misra ba, saboda guzuri ya ƙare? Wanda ke da ma'adinai ma hannunsa ya taɓa ƙasa, balle ke da jarinki bai wuce atamfa turmi goma ba.

Abin da ya riƙe kasuwar Mali ba wannan tafiyar ba ce. Ku je ku duba abin da matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya faɗa da ya shiga ƙasar a 1352, zamanin Mansa Sulaiman. Mutumin nan bai ma ji daɗin karɓar da sarkin ya yi masa ba, har kushe kyautar da aka ba shi ya yi, amma duk da haka ya shaida cewa matafiyi ba ya tsoron ɓarawo a ƙasar, kuma idan baƙon ɗan kasuwa ya mutu ba a taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai a damƙa ta ga amintacce har magajinsa ya zo. To wannan ne tallar. Wannan ne ya sa mutum zai ɗaure gishirin Tagaza a kan raƙumi ya keta Sahara wata biyu, don ya san in ya isa ba za a cinye shi ba. Amana ce ta kawo ayari, ba hoto ba.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Wangarawa, 'yan kasuwa da malamai, daga Mali ɗin suka zo Kano zamanin Sarki Yaji, Sarki Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, da Bature matafiyi Barth ya zo a 1851 ya ga kayan saƙa da rinin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wa ya yi musu talla? Buzu zai taso daga Agadas yana neman turkuɗin Kura da sunansa, domin ya san yadda aka rina shi da baba aka buga shi har yana sheƙi, wanda ya saya bara shi zai samu bana. Kayan ne suke magana da kansu.

Ku duba fataucin Gwanja. Ayari zai tashi da jakuna, madugu a gaba, a yi watanni kafin a kai Salaga, a ƙasar Gana ta yau, a sayo goro. Ka sauka a zango garin da ba ka san kowa ba, maigida ya ba ka masauki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, in an ɗauki kayanka bashi shi ne zai tsaya, wanda ya ɗauka in ya gudu maigida zai biya daga aljihunsa. Don me? Don ya san ranar da aka ce gidan wane an ci amanar baƙo, labari zai riga ayarin komawa gida, kuma baɗi babu bafataken da zai sauke masa kaya. Sunansa shi ne jarinsa gaba ɗaya. Har Alhassan Dantata ta wannan hanyar ta goro ya taso kafin gyaɗa, kuma da kamfanonin Turawa suka zo neman wanda za su ba kuɗi ya sayo musu gyaɗa ai wanda aka yarda da shi suka nema.

Yanzu fa? Ka ga leshi a hoto, ka tura kuɗi, alat na shiga magana ta canja, abin da zai zo maka daban, kala daban, yadi bai cika ba, ka yi ƙorafi a ce hasken kyamara ne, ka ƙara magana a yi bulokin ɗinka, gobe a canja sunan shafi a ci gaba. Ni kaina an yi min da shadda kafin sallah, kuma na san da yawanku an yi muku. Sannan a zo ana kukan wai mutanenmu ba sa son sayayya a intanet sai sun gani da ido. Ina za su so? Ku kuka koya musu tsoro.

Na san za a cika min wajen sharhi da "zamani ya canja", "in kana da kyau ka ƙara da wanka". Ban hana kowa ɗaukar hoto mai kyau ba, ka ɗauka, ka biya Facebook da Instagram su yaɗa maka, ka yi TikTok ɗinka. Amma abin da ke hoton shi za ka sa a leda. Masu cewa ai kowa haka yake yi kuwa ba ni da lokacinsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wane zamani ne ya soke wannan?

Ina tausaya wa ƙannenmu mata da matasa da suke fara sana'a da ɗan abin da suka tara, su ne za su ɗauki wannan shawarar su zuba rabin jari a hayar wurin ɗaukar hoto, wata uku kaya ba su motsa ba su shiga bashi. Ƙanwata, kwastoma ashirin da za su dawo su kawo ƙawayensu sun fi miki mabiya dubu hamsin. In an samu matsala ki karɓi kayan ki mayar da kuɗi, wannan asarar ta yini ɗaya ce.

Af, tunda ana maganar suna, har yau abin fatar nan yana ci min rai. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ta keta hamada, ta isa Turai, can aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta tashoshinsu ta bi, ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Mu da aiki, wasu da suna. Kuma yau ma majemun Sharaɗa da Challawa fitar da fata suke yi zuwa Italiya da Sifaniya, a ɗinka takalmi da jaka a manna sunan wani, mu je mu sayo da tsada muna alfahari. Ga dukawa nan a Kano da hannunsu ya iya aiki, amma sai ka ga mai ɗinka takalmi ya buga tambarin kamfanin waje a kan aikinsa don kada a raina shi. Wannan ma maganar wata rana ce, yanzu an kira la'asar.