Wa ya aike ku da waɗannan kwalaye?

Wallahi abin nan ya ishe mu. Duk shekara, kafin a koma lekol a watan Oktoba, sai wasu dillalan littattafai su bi makarantun Maradi suna sauke kwalaye, ba wanda ya kira su, ba wanda ya yi oda. Da gangan suke zaɓen lokacin hutu, sun san mai gadi kaɗai za su tarar. "Baba, sa hannu nan, kayan lekol ne." Dattijo ya dangwala, su tayar da a-daidaita su yi gaba.

Ni ke riƙe da ɗakin littattafai na wata makaranta a cikin gari, ni ke yanke igiyar kwalayen. Ku zo ku ga abin da ke ciki. Littafin lissafi na Faransa, takardunsa sun yi ja, yana ƙidaya da tsohon kuɗinsu faran, alhali su kansu sun koma yuro tun 2002. Na labarin ƙasa yana koya wa yaro kogin Luwar na Faransa, babu Gulbin Maradi, babu kogin Isa. Sai tulin na Ingilishi da aka shigo da su daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, na shirin jarrabawarsu ta WAEC da JAMB. A can suna da amfani. Amma ɗanmu jarrabawar BEPC ta Nijar zai zauna, me zai yi da su? Na Hausa kuwa ko na magani babu, duk da cewa tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa.

Ana komawa aji sai ga mutum da takardar kuɗi. Ka ce ba ka so, ya nuna maka sa hannun mai gadi. In kuwa an riga an buga wa littafi tambarin makaranta, shi ke nan, ya ce kaya sun lalace, ba ya karɓa. Daga nan sai a fara turo mutane: ɗan'uwan wane ne, surukin Alhaji ne, a rufa masa asiri. Kunya ta kama darakta, ya biya.

Da kuɗin wa? Da gudummawar iyaye! Jika guda, jika biyu da uwa ta tara daga ƙosai da ƙuli-ƙuli. A garin da har yanzu akwai azuzuwan zana, garin da gobarar Nuwamba 2021 ta cinye yara fiye da 20 a cikin irin waɗannan azuzuwa, a nan ne za a zuba kuɗin iyaye a kan takardun da gara za ta ci kafin damina ta fita? Ga yara na cunkushe a benci, suna leƙen littafin karatu ɗaya ta kafaɗar juna.

Ranka ya daɗe darakta, kai ma da naka laifin. Kayan da ba ka yi oda ba, ba bashi ba ne a kanka. Ka faɗa wa mai gadi kada ya ƙara sa hannu a takardar kowa. Kwalin da ya shigo, kada a buga masa tambari. Malamai su rubuta littattafan da suke buƙata bisa tsarin karatun Nijar, kwamitin COGES mai kula da tafiyar da makaranta ya duba, sannan a fitar da ko dala. Wanda kuma ya sauke kaya ba izini, a kira shi ya zo ya kwashe abinsa, kuɗin mota daga aljihunsa.