Sun tuhumi Sony, mu wa muka taɓa tuhuma?

Makon jiya ɗan yayana ya kira ni daga Sabuwar Unguwa, muryarsa duk a sanyaye. An ƙwace masa asusun gem ɗin da ya shekara biyu yana bugawa a waya. Wani ne ya turo masa saƙo wai ya ci kyauta, ya danna, ya zuba duk abin da aka tambaye shi. Na ce da wane layi ka buɗe asusun? Ya ce da na babansa. Imel ɗin fa? Wanda baban ke karɓar saƙon banki da shi. Nan take gabana ya faɗi. Shi kuwa yaron, kayan yaƙin da ya tara a cikin gem ɗin kaɗai ke ci masa rai. Ya ce, "Baffa, lambar waya ce fa kawai, mi za su yi da ita?"

Na taɓa jin wannan tambaya daga bakin ƙanena, a watan Afrilun 2011, kuma tun ranar ba ta bar raina ba.

A lokacin ina shekarata ta farko ta karatu a Manchesta, muna haya gida ɗaya da wasu Turawa biyu. Akwai PlayStation 3, na'urar gem ta kamfanin Sony, a falo, ita ce abin hirarsu da dare. Ranar 20 ga Afrilu sai hanyar sadarwar gem ɗin ta ɗauke gaba ɗaya. Ga hutun Ista ya kama, kowa yana gida, babu damar bugawa da kowa ta intanet. Kwanakin farko tsaki ne kawai da ƙunƙuni. Sai ranar 26 ga wata kamfanin Sony ya fito ya ce masu kutse ne suka shiga rumbunsa tsakanin 17 da 19 ga watan, kuma abin ya shafi asusu kusan miliyan 77: sunaye, adireshin gida, imel, ranar haihuwa, har da bayanan shiga asusu. Game da lambar katin banki kuma, kamfanin ya ce bai ga shaidar an kwashe ba, amma ba zai iya rantsuwa cewa ba a kwashe ba.

Ina zaune ina kallo, ɗaya daga cikin abokan zamana ya ajiye kofin shayinsa, ya kira bankinsa ya ce a kashe katinsa a aiko masa sabo. Da ya gama, bai ko ambaci ɓarayin ba. Abin da yake ta nanatawa shi ne kwana shida: kwana shida kamfanin ya rufe hanya ya yi gum, bai gaya musu kayansu sun fita ba. Sony ya kare kansa cewa sai da masu bincike suka gama aikinsu sannan ya san girman ɓarnar, amma mutane ba su karɓi wannan uzuri ba. Washegarin sanarwar aka shigar da ƙara a wata kotun Amurka. 'Yan majalisarsu suka rubuta wa kamfanin suna neman bayani. Ranar 1 ga Mayu, a birnin Tokyo, Kazuo Hirai, ɗaya daga cikin shugabannin Sony, da wasu manyan kamfanin biyu suka tsaya gaban 'yan jarida suka rusuna, suna ba da haƙuri. Kwana ɗaya bayan nan aka sanar cewa wani reshen kamfanin ma an shige shi, ƙarin asusu miliyan 24.6. Sai da aka yi kwana 23 kafin hanyar ta fara dawowa, kuma kamfanin da kansa ya ƙiyasta asararsa a dala miliyan 171.

Wanda yake Katsina a wancan makon ya san abin da ke gabanmu. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa da dama har da tamu, an rasa rayuka. Ranar da Sony ya yi sanarwarsa ita ce ranar zaɓen gwamnoni. Ni kaina rabin hankalina yana gida. Amma dole na kira ƙanena, don yana da ɗan gidan gem a wajen Ƙofar Ƙaura, talabijin uku da janareto, yara na biya su buga ƙwallo wasa-wasa. Yana da PlayStation 3 guda ɗaya, kuma da yake babu Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusu da su, da adireshina na Manchesta ya buɗe, ya sa sunansa da ranar haihuwarsa. Ke nan ni da shi duk muna cikin miliyan 77 ɗin. Na gaya masa. Ya ce, "Yaya, mu nan ta ranmu muke yi. Kuma mi za su yi da sunana, ni da ba ni da ko sisi a banki?"

Rabin maganarsa na farko gaskiya ce, ban ja ba. Rabin na biyu ne matsalar, don a kansa muke tafiya har yau, alhali duniyar da ya faɗe shi a cikinta ta wuce.

Kada a ɗauka ina cewa Turawa sun fi mu hankali. Na ga yadda fushinsu ya ƙare. Kamfanin ya ba kowa gem biyu kyauta da wata guda na ƙarin hidima, galibinsu suka karɓa suka koma buga abinsu. A watan Satumban shekarar Sony ya sauya sharuɗɗansa a Amurka, ta yadda mai asusu zai yarda ba zai shiga ƙarar haɗin gwiwa a kansa ba, mutane suka yi ta danna amincewa ba tare da karantawa ba. Abokin zaman nan nawa da ya yi rantsuwa ya bar kamfanin har abada, da PlayStation 4 ta fito a Nuwamban 2013 yana cikin masu sayen farko. Tarar da hukumar kare bayanai ta Ingila ta ci kamfanin a Janairun 2013, fam 250,000, ba ta kai cikin cokali ba a wajen kamfani irin wannan. Sulhun dala miliyan 15 da aka yi a Amurka a 2014 ma, yawancinsa gem ne da makamantansu aka raba.

Duk da haka akwai abu ɗaya da suka riƙe wanda mu muka saki. A wajensu kunya ta hau kan wanda aka ba ajiya. Hukumar Ingila ta faɗa a fili cewa da kamfanin ya sabunta manhajojinsa, da an kauce wa kutsen. Babu wanda na ji ya ce wa ɗan'uwansa, kai ma wa ya aike ka ka ba su katinka? Irin wannan hayaniyar, daga wannan kutse da wasu da suka biyo baya, tana cikin abin da ya sa dokar Turai ta 2018 ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita.

Mu kuma ga yadda namu yake. Bara wata gwaggonmu a Rafindadi ta amsa waya. Mai kiran ya ambaci cikakken sunanta, da ranar haihuwar da ke jikin katinta, da bankin da take ajiya. Ya ce za a rufe mata asusu in ba ta karanto lambar da aka turo mata yanzu ba. Ta karanto. Kuɗin adashin da ta kwasa don kayan ɗakin 'yarta suka tafi kafin ta sauke wayar daga kunne. Mako guda ta yi ba ta gaya wa kowa ba, tana ramewa a tsaye. Da maganar ta fito, 'ya'yanta suka hau ta da faɗa: ba mun hana ki ba kowa lamba ba? Masu zuwa jaje suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya mayar da alheri. Ita kuma kanta a sunkuye kamar ita ta yi satar. A duk dangi babu wanda ya tambaya: shi wannan mutumin, a ina ya samo sunanta da ranar haihuwarta da bankinta? Gwaggo ba ta da Facebook, ba ta taɓa buɗe intanet ba. Bayanan nan daga hannun wani da ta amince masa suka fita, ko ofis, ko shago, ko ma'aikaci.

Na yi imani da ƙaddara, kuma ni ma addu'ar nan na yi mata. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji hukuncin ajiya: wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da laifinsa ba, amma idan ya yi sakaci, biya ya hau kansa. Ka ajiye buhun gero goma a rumfar wani a babbar kasuwar Katsina, ya tafi ya bar ƙofa a buɗe, a kwashe. Wa zai ce maka kai ne wawa da ka ajiye? Za a je gaban shugabannin kasuwa, in ta ƙi a je gaban alƙali, kuma mai rumfar ne zai rasa inda zai sa fuskarsa. Wannan hukuncin namu ne tun kafin a ƙera kwamfuta. Abin da ya gagare mu shi ne mu yarda cewa suna da lambar waya da hoton yatsa ma ajiya ne, kuma kamfanin waya da banki da mai POS da kamfanin gem duk masu rumfa ne.

Abin yana ƙara damuna idan na tuna irin tarbiyyarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Matan da ba sa faɗin sunan miji. Babbar addu'ar da muke yi wa juna ita ce Allah ya rufa asiri. Mun san darajar abin da ake ɓoyewa. Amma ka je shagon da ake yin hoton takardu ka ga kofen katin ɗan ƙasa na mutane zube a kwali, wanda bai fito da kyau ba a jefar, gobe ka gan shi an ƙunshe ƙosai da shi. Ka ga tsoho ya miƙa wa yaron POS katinsa, ya kuma faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a cikin mutane, don bai iya dannawa ba. Ba laifin tsohon ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce wannan lambar daidai take da makullin ɗakinsa.

A 2011 ƙanena ya yi gaskiya da ya ce ba shi da komai a banki. Daga baya aka kawo BVN a 2014. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura har masu sayar da tumatir zuwa karɓar tiransifa. Yanzu layin waya guda ɗaya yana ɗaure da sunanka, da hotonka, da asusunka, kuma a kan wannan layin ne yara ke buɗe gem irin su Free Fire da PUBG idan uba ya ajiye waya ya tafi masallaci. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta fallasa wani shafin intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN da BVN, a kan naira 100 kacal. Na jira in ji gari ya ɗauka a zaurukanmu na WhatsApp. Mutum biyu suka rubuta "Allah ya kyauta", aka koma musun ƙwallo. A jihar da mutanen Batsari da Safana da Jibiya suka san abin da ake nufi idan baƙuwar lamba ta kira ka ta ambaci sunanka da gidanku, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba.

Na san abin da za a ce mini: kai kana can inda kotu ke aiki, nan wa zai saurare ka? Akwai gaskiya a ciki. Lauya kuɗi ne, zirga-zirga kuɗi ce, kuma wanda ya buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, kamar yadda ƙanena ya yi, ba shi da ƙafar tsayawa ya nemi hakki. Amma yanzu muna da doka. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya, ta kafa hukuma ta musamman, kuma ita ma ta ɗora wa kamfanoni sanar da hukumar cikin awa 72 idan an yi kutse mai haɗari ga mutane. Kana da damar ka tambayi kamfani wane bayani naka yake riƙe da shi, kana da damar ka kai ƙorafi. Mutum nawa ne a Katsina suka taɓa jin wannan da Hausa, a rediyo ko a huɗubar Juma'a? Na fi son in ji malamanmu sun ɗauko babin ajiya sun kawo shi kan wannan zamani, don maganarsu ta fi tawa isa kunnen mutane.

Daren da ɗan yayana ya kira, mun fi awa guda a waya da babansa muna sauya kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, da safe ya je banki aka duba, babu abin da ya fita. Kafin mu yi sallama na sake tayar da maganar Gwaggo. Na rubuta takarda da sunanta zuwa ga bankin, tana neman a gaya mata a rubuce su wa suka buɗe bayananta a watan da abin ya faru, na kuma shirya kofe na biyu da za a aika wa hukumar. Yaya ya ce ranar Litinin zai ɗauke ta su je, kuma ba zai baro wajen ba sai an buga masa hatimi a kofensa. Da aka karanta mata takardar ta yi shiru, sannan ta ce ta yarda za ta dangwala yatsa, amma don Allah kada maƙwabta su ji.