Nauyinka da ƙafarka ne ke zaɓar maka allon zamiya, ba tsawonka ba

A Kalgari da ke yammacin Kanada, sanyi yakan kama tun daga Nuwamba har cikin Afrilu, kuma duwatsun Banff ba su wuce tafiyar awa ɗaya da rabi a mota ba. Shi ya sa 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kawo nan, idan zaman ɗaki ya ishe su, sukan fara sha'awar allon nan na zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake kira sinobod. Ina goyon bayan wannan sha'awa ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai tara kuɗinsa da ƙyar, ya sayi allon da bai dace da jikinsa ba, ya sha faɗuwa kwana biyu, sannan ya yanke hukuncin cewa wasan ba namu ba ne.

Mun taho da ɗabi'u biyu na saye daga gida. Ɗaya tana cutar da mu a nan, ɗaya kuma tana ba mu fifiko a kan 'yan ƙasar kansu.

Mai cutarwar ita ce sayen babba. A gida idan za a ɗinka wa yaro kayan Sallah, akan ce wa tela ya ƙara tsawo don ya kai baɗi, takalmi ma a ɗauki mai lamba ɗaya a sama. Dabara ce mai kyau ga shadda da takalmin makaranta. A kan dutse kuwa asara ce. Allon zamiya ba shimfiɗa ba ce da ake tsayawa a kai kawai. Gefunansa biyu a fafe suke, tsakiyarsa ta fi kansa da wutsiyarsa tsukewa, kuma sai nauyinka ya lanƙwasa shi kafin bakin ƙarfen da ke gefe ya kama ƙanƙara ya zana maka kwana. Idan allon ya fi ƙarfin nauyinka ba zai lanƙwasu ba, sai ya miƙe da kai gangara kana ta kokawar juya shi da kafaɗa. Idan kuma ka fi ƙarfinsa, zai riƙa karkarwa da an ɗan yi gudu, bakin ƙarfen ya suɓuce a wuri mai tauri.

To, a nan ne tsohuwar ƙa'idar da masu sayarwa ke maimaitawa take yaudara, wato a tsayar da allo a ƙasa, in ya kai tsakanin haɓa da hanci to shi ne. Ɗauki dogon saurayi siriri mai tsawon santimita 185 da nauyin kilo 65, irin jikin da ba ya wuyar gani a cikinmu. Ƙa'idar haɓa za ta miƙa masa allo mai tsawon santimita 160 ko fiye, alhali nauyinsa na neman wajen 152 zuwa 154 ne. Gajere mai jiki, santimita 165 da kilo 90, ita za ta ba shi wajen 145, wanda zai yi masa laushi ƙwarai. Wajen 157 zuwa 159 ya kamace shi. Allon ba ya jin tsawonka, nauyin da ya hau kansa kawai yake ji.

A ƙiyasce, mai kilo 55 zuwa 65 yana faɗawa tsakanin 146 da 151, mai 65 zuwa 75 tsakanin 151 da 155, mai 75 zuwa 85 tsakanin 155 da 159, wanda ya haura 90 kuma daga 159 zuwa sama. Wannan mafari ne kawai. Kowane kamfani yana fitar da jadawalin nauyi ga kowane samfurin allo, kuma shi ne abin dogaro. Ka nemi sunan allon da shekararsa a intanet kafin ka je gani. Ka lura cewa a Kanada da Amurka galibi da fam ake rubuta nauyin, don haka ka ninka kilonka da 2.2. Ka nemi allon da nauyinka ya faɗo a tsakiyar zangonsa, ba a bakin iyaka ba. Mai koyo ya karkata zuwa gajeren ɓangaren, ya rage santimita biyu ko uku, domin gajeren allo ya fi saurin juyawa a gudu kaɗan. Akwai kuma wasu sababbin alluna gajeru masu faɗi da aka ƙera don a hau su da ragin santimita uku zuwa shida. Kada lambarsu ta ruɗe ka, jadawalinsu za ka bi.

Yara kuwa, don Allah iyaye, kada a saya musu na baɗi. Shaguna da yawa a nan suna ba da hayar allo da takalmi na kakar sanyi gaba ɗaya, a mayar a bazara, a karɓi wanda ya fi girma shekara mai zuwa. Wannan ya fi arha, ya kuma fi aminci.

Amma kafin allo, takalmi. In kuɗinka kaɗan ne, a ganina gara ka zuba mafi yawansa a takalmi sabo, ka sayi allo na hannu. Ka jingina diddigenka da bango da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka auna zuwa ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Santimitan da ka samu su ne lambar da ake kira mondo: ƙafa mai santimita 27 tana daidai da lamba 9 ta Amurka, mai 29 kuma lamba 11. Idan ka sa takalmin ka miƙe tsaye, yatsunka su taɓa gaba ba tare da sun tanƙware ba; in ka lanƙwasa gwiwa su ɗan ja baya. Diddige kada ya ɗaga. Soson da ke ciki yana sakewa bayan 'yan kwanaki, har takalmin ya ƙaru da kusan rabin lamba, saboda haka wanda ya yi maka daɗi sakayau a shago zai zama tafkeke a kan dutse. Masu tsoron sanyi sukan sayi babba don su sa safa biyu. Kuskure ne. Safa biyu na tattarewa su matse jijiya, jini ya rage gudu, ƙafar ta ƙara sanyi. Doguwar safa ɗaya ta ulu ta isa.

Takalmin ne kuma zai gaya maka faɗin allon, kuma wannan shi ne ma'aunin da aka fi mantawa da shi. Ƙugun allo na yau da kullum yana tsakanin milimita 245 da 255. Mai lamba 11 ta Amurka zuwa sama galibi yana buƙatar mai faɗi, 260 ko fiye, wanda ake sa wa harafin W bayan lambar tsawo, misali 158W. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗora takalmin a inda maɗauri, wato abin da ke ɗaure takalmi a jikin allo, zai zauna, yatsu da diddige su leƙo da santimita ɗaya zuwa biyu a kowane gefe. In suka wuce haka, duk sanda ka kwantar da allon a kwana takalmin zai kafe a ƙanƙara ya ɗaga bakin ƙarfen, sai ka ji ka a ƙasa ba ka san dalili ba. In kuma ba su leƙo ba sam, sauyawa daga gefe zuwa gefe zai yi nauyi, ƙafa ta gaji da wuri. Masu ƙananan ƙafa, musamman mata, su nemi allunan da aka yi wa mata, domin sun fi tsukewa da laushi.

Siffar allon ma tana da tasiri, ko da yake ba sai an zurfafa ba. Mai kamba, idan ka ajiye shi a ƙasa tsakiyarsa a ɗage take. Yana riƙe ƙanƙara sosai amma ba ya yafe kuskure, bakinsa na saurin kamawa ya kayar da mai koyo. Mai roka kai da wutsiya ne a ɗage, ya fi sauƙi. Shimfiɗaɗɗe ko wanda ya haɗa biyun shi nake ba mai farawa shawara, mai laushi zuwa matsakaici, wajen 3 zuwa 5 a ma'aunin tauri na 10, ko da yake ma'aunin kowane kamfani daban ne.

Yanzu ɗabi'ar da ke taimaka mana. Wanda ya saba shiga layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ya ɗaga riga ya duba ɗinki da hammata kafin ya taya, ya riga ya samu horon da mutane da yawa a nan ba su da shi. Su sukan ji nauyin neman ragi, mu kuwa ciniki ba abin kunya ba ne. Bambancin shi ne a nan mai kaya ba ya fara kirari da ninkin farashi, don haka taya rabin kuɗi kan sa ya daina amsa saƙo. Ka nuna masa aibin da ka gani, ka nemi ragi daidai da kuɗin gyaransa. Lokacin saye kuma biyu ne: Maris zuwa Afrilu, lokacin da shaguna ke karya farashin kayan bana, da Oktoba, lokacin kasuwannin musayar kayan sanyi. Shafukan saye da sayarwa na intanet, Kijiji da Facebook Marketplace, suna nan duk shekara. Allon bara sabo fil sau da yawa zanen jikinsa ne kawai ya bambanta da na bana.

Idan ka je ganin na hannu, ka sa a cire maɗauran, domin a ƙarƙashinsu ɓarna ke ɓuya. Ka bi bakin ƙarfen da yatsa daga kai har wutsiya. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, ana goge ta, amma ƙarfen da ya tsage ko ya rabu da jikin allo, ka bar shi. Ka duba kai da wutsiya ko fatar sama ta fara ɓarewa; ruwa na shiga ta nan ya jiƙa katakon ciki, in ya daskare ya ƙara buɗa wurin. Ka juya ƙasan allon. Ƙananan karce ana cike su da narkakkiyar roba da kuɗi kaɗan. Ramin da ya huda har kana ganin abin da ke ciki, musamman kusa da bakin ƙarfe, sai shago, kuma kuɗin na iya cinye ribar arhar. Ka tsayar da allon ka danna tsakiyarsa da tafin hannu, ka saurara ko zai yi ƙara, ka kuma duba ko akwai layin karaya a gicciye kusa da wurin ƙafa. Daga nan ka ɗaura noti a kowane ramin da ake ɗaure maɗauri. Wanda ya riƙa juyawa ba ya kamawa ya lalace.

Ramukan nan suna jefa masu sayen allo daban da maɗauri daban cikin matsala. Yawancin alluna suna da tsarin jeren ramuka da ake kira 2x4 ko 4x4. Allunan Burton na yanzu dogon rami biyu ne da su, tsofaffinsu kuma ramuka ne masu kusurwa uku. Maɗaurin Burton mai alamar EST ba ya hawa sai kan mai dogon ramin. Ka tambayi faifan da ya zo da maɗaurin, wanda ke haɗa shi da ramukan allo, kafin ka biya, ka kuma je da takalminka ka gwada, domin shi ma maɗauri yana da ƙarami da matsakaici da babba. Ka lanƙwasa igiyoyin robar. Tsohuwar roba na tsagewa a cikin sanyi. Tsohon maɗauri na shekarun 1990 da ake takawa ya kulle, wanda ke buƙatar takalminsa na musamman, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Wanda bai taɓa hawa ba, ya fara da haya kwana biyu ko uku. Tudun WinSport da ke cikin Kalgari, inda aka yi gasar Olamfik ta sanyi a 1988, ya isa koyo, haka ma dutsen Nakiska da ke yamma da birnin. Ka rubuta tsawon allon da aka ba ka da lambar takalmin, ka nemi a sauya maka wani washegari don ka ji bambancin a ƙafarka. Da wannan lambar za ka shiga kasuwa.

Hular kwano kaɗai ce ban yarda a saya ta hannu ba. Soson cikinta bugu ɗaya mai ƙarfi yake ɗauka, kuma yana iya murƙushewa ba tare da wata alama a waje ba. Ka auna kewayen kanka da santimita, ɗan sama da gira, ka sayi sabuwa wadda ba ta motsi idan ka girgiza kai. Ka haɗa da abin kare wuyan hannu, domin mai koyo da tafin hannu yake tare faɗuwa, kuma karayar wuyan hannu tana cikin raunukan da aka fi samu a wannan wasa.