Mortimore da jakunan da ke kai taki gona

A duk lokacin da aka zo auna nauyin malamin jami'a a yau, abin da ake fara dubawa shi ne shafinsa na Google Scholar, a ga takardu nawa ya wallafa, kuma sau nawa aka ambace shi a rubutun wasu. Ban raina wannan ma'auni ba, domin ko ba komai yana nuna cewa an karanta mutum. Sai dai a fannin binciken ƙasar noma da ruwa da muhalli, ina ganin akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wato ko binciken ya sauya abin da ake faɗa a kan manomi. Wanda yake faɗo mini a rai shi ne marigayi Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962 zuwa 1979, sannan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano har 1986.

Maganar da ya tarar ta samu gindin zama ita ce hamada tana tahowa, kuma talaka ne ya buɗe mata ƙofa da gatarinsa da awakinsa da yawan haihuwarsa. Tun a shekarun 1930 wani masanin gandun daji mai suna Stebbing ya yi wannan kururuwa, har Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa tsakanin 1936 da 1937, ya bi iyakar Najeriya da Nijar, ya dawo bai tabbatar da abin da ake tsoro ba. Zancen bai mutu ba, kuma farin farkon shekarun 1970 ya sake hura masa wuta.

Mortimore ya fita ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, inda bisa waccan fahimta ya kamata a ce ƙasa ta riga ta mutu. Abin da ya rubuta tun daga rahotonsa na 1965 abu ne da duk wanda ya tashi a wajen ya sani, amma ba a taɓa ɗaukarsa ilimi ba. Da rani jakuna suna fitowa daga birni da mangala cike da shara da toka, ana jibge su tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna tashi a gona ɗaya. Ana ɗaure harawa a ɗora a kan reshe ko rufin ɗaki, tumaki su ci a turke, kashinsu ya koma gonar da harawar ta fito. Kuka da ɗorawa da tsamiya kowace tana da mai ita, gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka hasken rana. Gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu tana ci gaba da ba da amfani, saboda hannun da ke kula da ita ya yi yawa.

Bayan fari ya riƙa komawa ƙauyen Dagaceri, a Jigawa ta yau, shekara fiye da goma, yana bin gidaje yana rubuta yadda suke tsallake shekarar yunwa da cin rani da sayar da dabba da ƙananan sana'o'i. Wannan haƙurin shi ne ya haifi littafinsa na 1989. A 1994 shi da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka nuna cewa a Machakos ta Kenya jama'a sun ninka kusan sau biyar tsakanin 1930 da 1990, amma zaizayar ƙasa ta ragu. Hotunan tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 1991 su ma sun nuna cewa bakin Sahara yana gaba yana baya ne gwargwadon ruwan shekara.

Kada a ce ina musun matsala. Wanda ya je Yusufari ta Jihar Yobe ya ga tuddan yashi da idonsa, kuma taki ba ya isar kowace gona, musamman ta wanda ba shi da dabba. Abin da na ɗauka daga aikin Mortimore shi ne a auna kafin a yanke hukunci, kuma a fara da tambayar mai gonar.

A nan ne nake ganin tasirinsa ya tsaya a rabin hanya. Jami'o'in Turai suna karanta shi, amma mu da aka yi binciken a gonakinmu har yanzu muna kan tsohon karatu. Na taɓa zama a wani taron dashen itatuwa, inda babban baƙo ya karanto daga takarda cewa hamada tana cin sama da rabin kilomita a kowace shekara, aka yi tafi. Da aka tashi na tambayi wanda ya shirya jawabin wa ya auna, kuma a ina, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai haka ake rubutawa." Wani dattijo da aka zo da shi cike rumfa yana da gona a bayan filin taron, da manyan gawo tsaye a cikinta, kuma har aka watse ba wanda ya miƙa masa lasifika. Mortimore ya rasu a 2017, ni kuma har yau ban ci karo da shafi ɗaya na aikinsa da Hausa ba.