Ku Karanta Littattafan "Da A Ce", Amma da Biro a Hannu

Ƙannena matasa, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, musamman mu da muka ɗan taɓa boko. Mu ji wani abin al'ajabi na kimiyya, mu ce "ikon Allah!", mu tura wa abokai a WhatsApp, shi ke nan an wuce wurin. Mamaki ba laifi ba ne. Amma wanda ya tsaya a nan ya tauna ɓawo ne ya zubar da ƙwaya.

Littattafan nan masu tambayoyin "da a ce" nake so mu yi magana a kai. Akwai What If? na Randall Munroe, Ba'amurken da ya taɓa aikin mutum-mutumi a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya fito a 2014. Tambayoyin ciki kamar na yaron da ya ƙi barci ne, amma mutumin ba ya raina ko ɗaya. Zama yake ya yi musu lissafi har ƙarshe. Lissafin nan shi ne naman littafin, kuma shi ne shafin da yawancinmu ke tsallakewa.

Gwada da kanka. Da a ce duniya ta daina juyawa farat ɗaya, me zai faru? Kewayen ƙugunta, wato layin da ya raba ta biyu tsakanin arewa da kudu, kusan kilomita 40,075 ne, tana kuma gama juyi ɗaya cikin awa 24. Raba ka gani: kusan kilomita 1,670 a awa. Kano na wajen digiri 12 arewa da ƙugun, don haka gudunta ya ɗan ragu, ya koma kamar 1,630. Wato kai da ke zaune a teburin mai shayi, gudun da kake yi zuwa gabas ya fi na jirgin fasinja. In ƙasa ta ci birki, kai da kofinka ba ku da birki. Wannan ba sai da digiri ba, rabawa ce ta 'yan firamare.

Shi kuwa masanin kimiyya Michio Kaku, a littafinsa Physics of the Impossible na 2008, kashi uku ya yi wa abin da ake cewa ba zai yiwu ba. Akwai wanda kayan aiki ne kawai ba mu da su yau, akwai wanda sai bayan dubban shekaru in ma zai yiwu, sannan akwai wanda ya saɓa wa dokokin kimiyyar da aka sani. A kashi na uku ya jefa injin da ke aiki har abada ba a zuba masa komai.

To, nan ne takaicina yake. Sau nawa muka ga bidiyon "janareto mara mai", mu cika shi da tafi, har mu zagi wanda ya yi tambaya mu ce hassada ce ke cinsa? Batir na juya inji, inji na juya dainamo, dainamo na cajin batir, wai kuma har a samu rarar da za a kunna firji. A kowane mataki wani kaso na ƙarfin yana tsiyayewa ya zama zafi da ƙara. Wannan kamar ka ɗebi ruwa daga randa da ƙwarya mai yoyo ne ka mayar cikin randar, kana jiran ta cika. Tun 1775 cibiyar kimiyya ta Faransa ta daina karɓar zanen irin waɗannan injuna, don sun ishe ta. Abin da ya fi ciwo, yaran da ke haɗa su suna da basira ta gaske. Hannun da ya iya naɗa kwayil, da ya sami mai nuna masa hanya, da sola yake haɗa wa unguwa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa nake ku zama masu musun komai. A Oktoban 1903 jaridar New York Times ta rubuta cewa injin tashi sama zai iya ɗaukar shekara miliyan ɗaya zuwa miliyan goma. Ranar 17 ga Disamba na shekarar wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa masu suna Wright suka tashi da jirgin da suka ƙera. Sai dai tsuntsu ya riga ya nuna cewa abu mai nauyi na iya tashi, tashin bai karya wata doka ba. Mai janareton kuwa da dokar kanta yake kokawa.

Don haka in an kawo muku irinsa gobe, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku zuba kuɗi. Ku auna batirin da mita, ku jona dutsen guga, ku nemi benci ku zauna tare da shi har la'asar, sannan ku sake aunawa.